Na Ga Abu a Ƙasan Teku, Na Kama Bakina

Shekarun baya kaɗan, shekarar nan da annoba ta kulle kowa a gidansa, na yi wani abu da har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Yanzu da abin ya daɗe da wucewa, kuma wadda na yi wa ta ba ni izini, bari in ba ku labarin. Sharaɗinta ɗaya ne, wai in faɗa duka, kada in tsallake inda na yi muni.

Lokacin muna zaune a Abu Hail, nan Dubai, a hawa na uku na wani bene, ɗaki biyu da falo. Maigidana yana aiki a wani kamfanin kargo, ni kuma ina gida da yara biyu: 'yata ta fari mai shekara goma sha biyu, da ƙanwarta da take goye a lokacin.

Ina da wata ƙawa tun makarantar kwana. Gadonmu ɗaya, ita a sama ni a ƙasa, bencinmu ɗaya a aji. A darasin bayoloji, ba yabon kai ba, ni ce a gaba. In malaminmu ya kawo fara a kwalba ya ce a zana, littafina yake ɗagawa ya nuna wa aji. Ita kuwa in ta zana fara sai ka rantse akuya ce. Ni nake yi mata zane, ita ta yi mini lissafi. Da muka gama sakandare na yi aure, kuma da son raina na yi, ba wanda ya tura ni. Na ce in na ɗan huta zan koma karatu. Hutun ne har yau ban gama ba.

Ita ta wuce jami'a, daga nan ta samu tallafin karatu a waje, sai ga ta can ƙarshen arewacin duniya, inda teku ke da sanyi kamar ruwan firji, tana binciken halittun da ke zaune a ƙasan ruwa: ƙaguwa, jatan lande da danginsu masu ɓawo a jiki. 'Yar Kano, wadda kafin ta bar gida ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi na Tiga girma ba. Can ta yi aure, tana da ɗa guda. Duk shekarun nan muna waya, kuma na ɗauka ina taya ta murna da zuciya ɗaya. Ashe nisa ne yake rufa mini asiri.

A wannan shekarar ta je Kano duba mahaifiyarta, da za ta koma sai ta biyo ta wajenmu, wai kwana biyar. Kwananta uku aka dakatar da jirage. Kwana biyar ɗin nan sai da ya zama wata biyu da ɗoriya, har da azumi a ciki, mijinta da ɗanta suna can, ita tana nan a ɗakin yarana.

Makonnin farko daɗi kawai muka sha. Mu tuna makaranta, mu yi dariya har maigidana ya leƙo ya ce yana waya da ofis. Ta saba da sanyi, sai ta danna esi ta mai da falon kamar wajen ajiye kifi, ni in bi bayanta in rage. Ta ce na zama Balarabiya, na ce ta zama ƙanƙara. Ta buɗe tukunyata ba izini, ta ɗanɗana ta ce yaji bai ji ba. Haka muke tun muna yara.

Da aka ga kullen ba mai ƙarewa ba ne, sai abokan aikinta suka fara turo mata aiki. Ta yi mana bayaninsa. Wai akwai wani yanki na teku da manyan jiragen kamun kifi suka daɗe suna jan raga a ƙasansa, suna kankare komai kamar an share tsakar gida, daga baya aka hana su shiga. Su kuma sun je da jirgin ruwa, sun zura kyamara har ƙasa, suna janta a hankali tana ɗaukar abin da ke wurin. Aikinta shi ne ta kalli bidiyon nan ɗaya bayan ɗaya, ta ƙirga duk mai rai da ya gifta, don a san ko rayuwa na dawowa wurin ko ba ta dawowa. Kuma dole ta tura ƙidayar kafin Sallah, don akwai zaman da za su yi a kai.

Allon kwamfutarta ƙarami ne, idonta kuma dama yana ba ta wahala, sai maigidana ya haɗa mata da talabijin ɗin falo. Daga ranar falona ya zama ƙasan teku. Duhu, hasken fitilar kyamara, laka launin toka, wasu fararen abubuwa na zuba a hankali kamar gari. Can sai ka ga ƙaguwa mai dogayen ƙafafu ta ja da baya, ko jatan lande ja ya yi tsalle ya ɓace. Akwai kuma wasu abubuwa tsaitsaye a laka kamar busassun rassan tsintsiya, waɗanda ta ce su ma dabbobi ne, ba tsiro ba. Na yi ta faɗin Subhanallah. Wurin da rana ba ta taɓa leƙawa ba, amma Allah ya ajiye bayinsa a can yana ciyar da su.

To a nan abin ya fara. In na ce kishi, kada ku kai hankalinku wani wuri. Ba kishin miji ba ne, ko kusa. Kujerar da take zaune a kai nake wa kishi, don wani abu a raina yana ce mini tawa ce.

Maigidana, wanda tambayarsa gare ni ba ta wuce ina makulli, ina caja ba, sai ga shi ya ture aikinsa yana cewa, “Dakta, su waɗannan me suke ci a can?” Ta yi bayani, ya gyaɗa kai kamar ɗalibi. 'Yata kuwa ta samo sabon littafi ta zauna a gefenta, tana rubuta mata lambobi. Mu yadda muka taso, uwa ba ta yabon 'yar fari a gaban idonta, akwai kunya a tsakani. Ni in yarinyar ta yi abin kirki iyakata in ce to, Allah ya yi albarka, in juya. Ƙawata kuwa ba ruwanta da wannan. Rungume ta take yi, ta ce 'yar gidana, habibti, kin fi ɗalibaina na jami'a. Yarinya ta riƙa haske kamar an kunna fitila. Ina kicin ina ji.

Wata rana ina jera kwanuka sai na ji 'yata tana tambaya, “Anti, Umma ita me ta karanta?” Ƙawata ta ce mata ai Ummanki ta fi ni ƙoƙari a makaranta, ita take yi mini zane. Sai yarinyar ta tuntsire da dariya. Ba dariyar raini ba ce, wallahi, ta ɗauka wasa ake yi mata. Wannan ne ya fi ciwo. Na tsaya da faranti a hannu ina kallon bango, har ruwan famfo ya cika kwano ya zube.

Ran biyar ga azumi, bayan azahar, ina guga. Teburin gugata dab da talabijin yake, don nan ne soket ɗin da ya rage. Ƙawata tana can kan doguwar kujera da kwamfuta a cinya, ni kuwa fuskata ba ta fi kamu biyu daga allon ba. Kyamara ta zo kan rassan nan tsaitsaye. Ruwa yana kaɗa su duka zuwa gefe ɗaya. Sai na lura wani ɗan siririn reshe a jikin babba bai bi sauran ba. Ya sunkuya, ya miƙe, ya sake sunkuyawa, shi kaɗai, kamar mai ruku'u. Duk wadda ta saba tsintar wake ta san wannan, idonki ba waken yake nema ba, abin da ya motsa daban yake nema. Na ƙara matsawa kamar ina gyara wayar dutsen guga. Ai kuwa yana da kai, yana da 'yan hannuwa biyu a naɗe a gaba, ya kama reshen da ƙafafun baya. Kusa da shi ga wani. Ga wani. A reshe ɗaya na ga shida.

Na waiga na dubi ƙawata. Ta rubuta ƙaguwa ɗaya, ta wuce.

Bakina ya buɗe zan yi magana. Har yau ina iya tuna yadda maganar ta zo kan harshena. Sai na mai da ita, na ɗauki rigar maigidana na shimfiɗa.

Da farko na ba kaina uzuri. Na ce ƙila ta san da su, ba sa cikin abin da take ƙirgawa. Na ce wace ce ni da zan gyara wa mai digiri uku aikinta. Amma na san ƙarya nake yi wa kaina, don na sha jin tana faɗa wa maigidana cewa ƙananan ne suka fi muhimmanci, su ne alamar wuri ya fara warkewa, kuma abin da ke damunta ke nan, ba ta ganin su. Gaskiyar ita ce daɗi nake ji. Akwai abu ɗaya a duniya game da tekun nan da na sani Dakta ba ta sani ba, kuma in na faɗa ya zama nata.

Kwana goma sha ɗaya na yi a haka. Guga ba ta taɓa yawa a gidana kamar lokacin ba, har zanin gado da tawul na riƙa gogewa. Ina tsaye ina kallonsu, ina ƙirga su a gaɓoɓin yatsuna, yatsun da nake tasbihi da su. Na gane sun fi yawa inda rassan suka yi cunkus, na gane wasu cikinsu a kumbure yake. Ita kuwa idonta ya yi ja, tana ɗiga magani, tana matse goshi, ga azumi, ga kewar ɗanta da kullum yake tambayarta a waya yaushe za ta dawo. Ni kuma sai na ƙara mata kyautatawa. Kunun gyaɗa da take so, ƙosai mai zafi, in jiƙa tawul da ruwan sanyi in ɗora mata a ido. Tausayinta nake ji da gaske, hawaye har taruwa suke yi mini. Amma ban faɗa ba. Ban san zuciya ɗaya na iya ɗaukar abu biyun nan tare ba sai lokacin.

Ranar da ta fi muni ita ce wata safiya da ta cire tabarau ta jingina da kujera, ta ce da ni, “Ƙawata, ke da idon nan naki, ba ki ga wani abu da nake tsallakewa ba? Jikina yana ba ni akwai abin da ba na gani.”

Na ce, “Ni ina na san aikinku? Mu ai na kicin ne.”

Da azumi a bakina na faɗi haka. Ta yi dariya ta ce in daina wannan magana, ta mai da tabarau ta ci gaba.

Ran sha shida ga wata, da la'asar, saura bidiyo biyu ta gama. Fensirin 'yata ya faɗi ya gangara ƙarƙashin teburin talabijin. Ta rarrafa ta ɗauko, da ta ɗago kai sai ga fuskarta dab da allo. Ta tsaya. Ni ina bakin ƙofar kicin, kuma tun kafin ta yi magana na san abin da za ta ce.

“Anti, wannan reshen fa yana da hannu.”

Ƙawata ta sauko daga kujera ta durƙusa kusa da ita. Ta mai da bidiyon baya, ta tsayar, ta sake mayarwa. Can ta kama kan yarinyar ta sumbata, ta ce su ne, su ne take nema. Wasu 'yan'uwan jatan lande ne, sirara, masu maƙalewa a reshe suna kama abinci daga ruwa. Ta san su sarai, amma a ɗakin bincike take ganin su, cikin lakar da aka ɗebo, ba ta taɓa zaton kyamarar nan za ta iya kama su ba, shi ya sa ba ta neme su ba. Sai kuma murnar ta ragu a fuskarta, don ta gane abin da hakan ke nufi. Duk bidiyon da ta gama sai ta sake su daga farko, ga Sallah saura mako biyu.

Maigidana ya fito ya ji labari. Ya dafa kan 'yarsa yana murmushi, ya ce lallai wannan yarinya idon Antinta ta ɗauko.

Ban san lokacin da maganar ta fita ba.

“Ni na fara ganinsu. Tun ran biyar ga azumi.”

Da na yi shiru da ba wanda zai taɓa sani. Amma abin da ya hana ni faɗa kwana goma sha ɗaya, shi ne ya tura ni na faɗa a lokacin da faɗar ba ta da amfani ga kowa. Ina son a ce ni ce. Ban yi tunanin cewa kafin a ce ni ce, sai na tona wa kaina asiri ba.

Na ga ƙawata tana lissafin kwanaki a yatsunta. Ta ɗago ta dube ni, ba fushi a fuskarta, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, “Ranar da na tambaye ki, kin riga kin gani?”

Na ce, “Na gani.”

Ta gyaɗa kai, ta rufe kwamfuta, ta shige ɗaki. 'Yata tana durƙushe a inda take da fensiri a hannu, hasken nan duk ya mutu a fuskarta. Maigidana bai ce mini komai a gabanta ba. Sai da ya same ni a kicin ya ce, a hankali, “Mutum biyu kika zalunta yau, kuma ɗaya daga ciki ke kika haife ta.”

Kafin a sha ruwa na shiga ɗakin. Tana zaune kan sallaya. Na durƙusa na ce ta yafe mini don Allah. Ban ma rufe baki ba ta ce, “Ba komai, na yafe.” Da sauri haka, kamar mai sallamar wanda ya taka mata ƙafa a kasuwa. Na san ta shekara ashirin da wani abu, na san wannan yafiyar a leɓe ta tsaya.

Washegari na ga hukuncina. Ƙawata ta zama baƙuwa. In za ta buɗe firji sai ta nemi izini. In ta ci abinci sai ta ce an gode, Allah ya saka, ta tashi ta wanke farantinta ta kife. Esi ba ta ƙara taɓa shi ba, tana zufa tana shiru. Ta cire kwamfutarta daga talabijin, wai kada ta takura mana falo, ta koma ɗaki da ƙaramin allonta. Sai kuma ta fara kirana Hajiya. Ni. Wadda muka sha garin kwaki kwano ɗaya a bayan hostel. Duk lokacin da ta ce Hajiya sai in ji kamar an rufe wata ƙofa. Kuma ba inda za ta, ba jirgi, ba fita sai da takardar izini. Muna gida ɗaya ina kallon abotar shekara ashirin tana tsiyayewa.

Na fara da 'yata. Uwa ta ba 'yar fari haƙuri ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu, ban taɓa ganin mahaifiyata ta yi ba. Sai na jira ranar kitso, ta zauna a tsakanin ƙafafuna ta ba ni baya, don ba zan iya ba in tana kallona. Ina tsaga ina magana. Na ce abin da ta gani ita ta gani da idonta, ba wanda ya nuna mata, kuma ta fi ni, don ita da ta gani ta faɗa. Na ci gaba da kitso har na gama layi biyu. Can ta ce, “To Umma, me ya sa ba ki faɗa ba? Ai da an ce ke ce.” Na ce ta gyara zama kanta ya karkace.

Ita ce ta taimake ni. Ni ban iya sarrafa kwamfuta ba, amma bidiyon suna nan a wata 'yar ma'ajiya da Antinta ta bari a jikin talabijin. Da safe, in na gama aikin gida, sai ta kunna mini, in zauna a ƙasa dab da allo da ƙaramar a cinya. Akwai lambobin lokaci da ke gudu a kusurwa. Duk inda na ga reshe mai ɗauke da su sai in ce tsaya, ta tsayar, in ƙirga, ta rubuta lambar da adadin. In mun cika takarda sai in tura ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin.

Ranar farko ƙawata ba ta ce komai ba. Rana ta biyu ta ce, “An gode, Hajiya.” Daga baya na gane duk abin da muka rubuta sai ta bi shi ɗaya bayan ɗaya ta duba da kanta. Na ji zafi, amma ai ni na koya mata kada ta yarda da ni. Rana ta huɗu ta fito da takardar a hannu ta ce akwai gyara. Inda na rubuta tara, wai ba tara ba ne a yadda suke ƙirgawa, uwa ce guda da 'ya'yanta maƙale a jikinta, ana rubuta su daban. Ta tsaya a tsaye ta nuna mini yadda ake gane uwar. Washegari ta dawo da kwamfutarta falo, don allon ɗaki ba ya nuna su sosai. Muka koma zama a ƙasa mu uku, kafaɗa da kafaɗa, amma maganarmu ba ta wuce tsaya, koma baya, nawa kika gani ba.

Saura kwana biyu Sallah, da hantsi, muka yi gardama a kan wani. Ta ce reshe ne. Na ce a'a, mai rai ne, ya dai lafe. Ta ce ta shekara goma tana wannan aiki. Na ce to a bar bidiyon ya tafi a hankali. Aka sake shi. Muna kallo, muna kallo, sai ga ɗan abin nan ya miƙa hannu ya cafki wani abu a ruwa.

Ta ɗaga hannu ta ɗaka mini duka a cinya, mai zafi kuwa.

“Ja'ira. Da wannan idon kika zauna kina kallona ina ɗiga magani kwana goma sha ɗaya.”

Sai kuka ya ƙwace mata. Na ce wa 'yata ta ɗauki ƙanwarta su shiga ciki. Ta yi kukanta ya ishe ta, sannan ta faɗi abin da ke ranta. Ta ce ba aikin ne ya yi mata ciwo ba, aiki ana sakewa. Ta ce a can inda take, kullum sai ta nuna ta cancanci kujerarta, ita kaɗai ce baƙa mai ɗankwali a jirgin, kullum a shirye take wani ya ga kuskurenta ya yi shiru yana jira ta faɗi. Ta saba da wannan, ta san yadda ake zama da shi. “Amma a gidanki na sauke kayana duka, ƙawata. Ban ajiye mai gadi ba.” Ban kare kaina ba. Na gaya mata gaskiya tun daga dariyar 'yata har zuwa tawul ɗin da nake gogewa ba dalili. Da na zo kan tawul sai ta fashe da dariya cikin hawaye, ta ce dama ta yi mamaki, ta ɗauka haka matan Dubai suke yi.

Da aka sha ruwa ran nan ta kai loma ɗaya ta yamutsa fuska, ta ce miyar nan gishiri ya yi mata yawa, ko hannuna ya fara rawa ne. Ta cinye tas, ta ture farantin gabana, ta miƙe ƙafa. Ban taɓa jin daɗin wanke faranti kamar wannan ba.

Ƙidayar ba ta kammalu kafin Sallah ba. Sai da ta nemi abokan aikinta su ɗaga mata ƙafa, aka yi zaman farko ba sakamakonta, kuma na san hakan ya taɓa ta a wajen aiki ko da ba ta faɗa ba. Wannan ba abin da zan iya mayar mata ba ne. Bayan wasu makonni aka samu jirgi ta koma wajen iyalinta.

Zan so in ce muku daga ranar kishin ya mutu, amma ta ce kada in rage komai. Bai mutu ba. Har yanzu in ta turo hoto tana kan jirgin ruwa cikin jar rigar sanyi, duwatsun ƙanƙara a bayanta, ni kuma ina tsaye kan tukunya, sai in ji ɗan tsinken nan ya soke ni. Bambancin kawai yanzu na san muryarsa. Ba ya zuwa da ihu, da ladabi yake zuwa, ya ce wace ce ke, mu ai na kicin ne. In na ji shi sai in yi mata addu'a a take, in kuma rubuta mata cewa yau ma na ji. Ita kuma ta turo mini zagi.

Abin da ya fi tsorata ni in na waiwaya ba shirun da na yi ba ne. A kwanakin nan goma sha ɗaya ban sha azumi ko ɗaya ba, ban makara a sallah ba, izu biyu nake karantawa kullum, ina ciyar da baƙuwa, ina ɗora mata tawul a ido. Duk wanda ya shigo gidan zai ce ga mutuniyar kirki. Ni ma da kun tambaye ni a lokacin, haka zan ce.